Motar da Ba Ta Buƙatar Turi

Tsohon Akawu yana da wata mota da duk layin ke kira Gwaggo. Ta girmi babban ɗansa. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta, gilashi da filaya ake jawo shi sama, kuma ba ta taɓa tashi da safe sai da turi.

To, turin nan shi ne rayuwar tsohon. Tun da matarsa ta rasu, ba mai yi masa magana a gida sai rediyo. Amma da ya leƙo ya ce, "Jama'a, Gwaggo ta farka!" sai tela ya ajiye almakashi, mai aski ya bar kan mutum rabi, mai shago ya fito yana mita. Ana turi ana tsiya, ana tambayarsa ya ƙafa, ya barci, har Gwaggo ta yi tari daidai turken lantarki, ta bule su da hayaƙi.

Kwatsam ɗan ya samu buɗi, ya kawo wata baƙar mota sai ƙyalli take.

"Baba, abin kunyar nan ya isa haka. Wannan maɓalli kawai za ka danna. Kujerarta ma tausa take yi."

"Gwaggo fa?"

"Masu sayen tsohon ƙarfe sun ɗauke ta."

Ai kuwa mota ta amsa sunanta mota. Ba tari, ba hayaƙi, sanyi kamar cikin randa. Sai dai gilashinta baƙi ƙirin. Tsoho ya yi ta ɗaga hannu daga ciki, ba mai ganinsa. Tela har matsawa yake gefe, wai wani babba ne ke wucewa. Kwana da kwanaki ba wanda ya tambaye shi ya ƙafa, sai kujera ke ta murza masa baya. Kaɗaici ya ishe shi.

Wata safiya ya sa giyar motar a firi yadda za ta turu, ya sauke gilashi, ya ƙwala kira: "Jama'a, ta ƙi tashi!"

"Ita ma?" in ji mai aski. "Duk ƙyale-ƙyalen nan?"

Tela ya goge hannu a riga kafin ya taɓa ta. Aka kama turi, mai shago na haki yana cewa wannan ta fi Gwaggo nauyin jiki. Suna isa turken lantarki, tsoho ya faki ido ya danna maɓalli. Mota ta tashi, layi ya kaure da shewa. Shi ke nan, kullum sai ta ƙi tashi.

Ana nan, ran nan ɗan ya zo da sassafe ya tarar da su a bayan mota sun yi sharkaf da gumi.

"Subhanallahi! Baba, irin wannan ba a tayar da ita da turi! Bari in kira kamfanin."

Tsoho ya shiga lissafi. Asiri zai tonu, ga kunya, ga komawa hira da rediyo. Sai ya ji tela daga baya yana magana ƙasa-ƙasa.

"Kai yaro, mai da wayarka aljihu. Mun sani. Tun ranar farko muka ga yatsansa a kan maɓalli. Naɗe hannun riga ka kama nan."

Ranar sai da aka wuce turken lantarki har ƙarshen layi, mai shago na ihun "Danna mana, Akawu, za ka kashe mu!" Shi kuwa idonsa ya cika da ƙwalla, ya kasa ganin maɓallin.