Galan ɗin Macizan Babanmu

Galan ɗin na ubana ne. Da wannan na fara, domin Casimiro, mijin ƙanwata, ya shekara huɗu yana gaya wa masunta cewa nasa ne, har wasu marasa aikin yi sun fara yarda.

Farin galan ne na roba mai faɗin baki, wanda Baba ya roƙo a wani gidan abinci tun ina makaranta. A gabana ya gasa ƙusa a kan murhu ya yi ta huda shi, gindi da ciki da murfi, uwarmu tana ta masifar wari. A ciki yake ɗaukar macizai, wato kifin nan mai kama da maciji da muke sa wa a ƙugiya da ransa in za mu kama manyan kifaye masu zane a bakin teku. Ba a zuba musu ruwa, yauƙinsu ne zai shaƙe su. Jiƙaƙƙiyar ciyawar teku a ƙasa, dunƙulen ƙanƙara a sama don su yi laƙwas, yauƙin kuma yana tsiyayewa ta hudojin. Kowa a gaɓar garinmu Westport da irin nasa, wani jakar raga, wani bokiti biyu ɗaya cikin ɗaya, amma a na Baba ne kaɗai maciji ke kwana uku yana motsi.

Lokacin da Baba ya rasu ina aikin jirgin ruwa a can kudu. Ƙanwata Odete ta ɗinka wa galan ɗin koriyar riga ta tamfol mai aljihun tsumma, ta ba mijinta ya riƙa amfani da shi kafin in dawo. Kafin in dawo, haka ta faɗa da bakinta. Na dawo, na yi kawaici shekara da shekaru saboda ita. Ranar da muka binne ta, bayan an dawo daga coci an sha miyar ganye an watse, na tare Casimiro a ɗakin girkinsa na ce ya ba ni abina.

Ya ce, "Yau, Mindo? Yau za ka tambaye ni roba?"

Na ce, "Gobe ma zan tambaya."

"Rigar da ke jikinsa ɗinkin matata ne."

"To tuɓe rigar ka riƙe, ka ba ni galan. Ubana ne ya huda shi, lokacin kai ko fatsa ba ka iya riƙewa ba."

Ya buɗe ƙofa ya nuna mini hanya. Na san ranar ba ta dace ba, ba sai an gaya mini ba. Amma na rasa uba, na rasa ƙanwa, gidan Baba an sayar, wannan robar ce kaɗai ta rage da hannun su biyun ya taɓa, kuma tana rataye a ƙugun mutumin da ban taɓa so ba. Bayan mako guda na faɗa masa a gaban jama'a cewa duk ranar da ya ajiye galan a kan dutse ya juya baya, to ya yi ban kwana da shi.

Mu masu hawa duwatsun teku akwai abin da ko sabon shiga ya sani: duk abin da za ka rataya a ɗamara, da siririn zare ake ɗaure shi, irin wanda in an fizga zai tsinke. Teku in ta kama kayanka, ka bar mata. Casimiro ya shekara talatin da sanin haka. Amma tun daga maganar nan tawa ya samo igiyar tarkon ƙaguwa mai kaurin yatsa, ya ɗaure galan a ɗamararsa, ya yi mata ƙulli uku. Mutane suka yi masa faɗa, ya ce shi ya san ɓarawon da yake tsoro, kuma ba teku ba ce.

Wata safiya ta Oktoba, bayan iska ta kwana biyu tana kaɗawa, na same shi a duwatsun da muke kira Haƙora. Gari ya fara wayewa, ruwa yana cikowa. Ya riga ni hawa babban dutsen, sai na hau na kusa, tsakaninmu taku kamar goma sha biyar.

Ya ce, "Suruki, an fito? Da me ka zo da macizanka yau, da safa?"

Na ce, "Da abin da ban sato ba."

"Ga naka nan suna gaishe ka." Ya bubbuga galan da tafin hannu.

"Ci gaba da rawa da shi, tsohon banza. Kai da ko rigarka ba ka iya wankewa tunda ta mutu."

Wannan ta shige shi, na gani. Ya juyo gaba ɗaya zai rama, ya ba teku baya, sai ga wata igiyar ruwa ta zo ta share ƙafafunsa. Ya sulale tsakanin duwatsu biyu. Da shi kaɗai ne, da ruwan ya wurgo shi gaɓa ya tashi da ƙujewa. Amma galan ya cika da ruwa ya cusa cikin wata tsaga, ya maƙale ƙam, igiya ta riƙe shi a ƙugu. Ruwa ya rufe shi ya janye, ya ɗago kai yana tari, wani ya sake rufe shi.

Na jefar da sandar fatsata na shiga. Ban yi don ƙauna ba, ƙafafuna ne suka tafi. Na kama ƙeyar rigarsa, na laluba igiyar, na zaro wuƙa.

Ya ce, "Kar ka yanke! Jawo shi, zai fita!"

"Ba zai fita ba, jaki!"

"Na rantse da Allah in ka yanke..."

Ruwa ya cika masa baki. Ni ma na ja sau biyu da dukan ƙarfina, don kada wani ya zaci ba na son galan ɗin. Ko motsi bai yi ba. Na sa wuƙa na yanke. Na ja shi a kan duwatsu har yashi, yana amai yana zagin uwata, wadda surukarsa ce. Wasu masunta biyu suka ɗauke shi a mota zuwa asibiti, haƙarƙarinsa biyu sun karye.

Da rana tsaka ruwa ya janye, na koma. Ni na san tsagar, hannuna ya shiga cikinta. Casimiro kuwa yana ƙarƙashin ruwa lokacin, bai san gabas da yamma ba. Na kwanta rubda ciki na zura hannu har kafaɗa, ga galan nan. Da ruwan ya tsiyaye sai ya fito da ja ɗaya. Rigar ta yage a gefe, murfi yana nan, macizai biyar a ciki da ransu. Na rungume shi na zauna a kan dutse na yi kuka, ni da ko a jana'izar Odete ban yi ba. Sannan na cusa shi a buhun da nake zuba kifi na saɓa a kafaɗa.

Ina hawowa na hango Casimiro yana gangarowa, an naɗe masa ƙirji, yana takawa kamar mai ɗauke da ƙwai. Ashe ya gudo daga asibiti. Muka yi kiciɓis a 'yar hanyar da mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya kauce. Na shirya wa zagi, har na tanadi amsa.

Ya ce, "Mindo, don Allah, ka gan shi?"

Tunda nake da shi bai taɓa ce mini don Allah ba. Macizan suna motsi a gadon bayana, ina jin su ta cikin buhu.

Na ce, "Teku ta tafi da shi."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon duwatsun, sannan ya ce, "Ka zo nema kai ma. Na gode." Ya dafa kafaɗata, wadda ba buhu, ya wuce.

Galan yana ɗakin ƙarƙashin ƙasa a gidana, bayan tukunyar ɗumama gida, cikin kwali. Shekara biyu ke nan ban fita da shi ba, ba kuma zan iya ba, duk gaɓar nan babu wanda bai san koriyar rigar nan ba. Da jakar kanti nake ɗaukar macizai, rabi suna mutuwa kafin in kai dutse.

Casimiro ya daina kamun kifi. Amma duk ranar da ruwa ya janye sosai yana Haƙora da sanda mai ƙugiya, yana tsokane tsaga bayan tsaga. Abin da ya fi ci mini rai, ya daina zagina. Ranar Lahadi yakan ajiye mini burodi mai zaƙi a bakin ƙofa. Makon jiya ya tsaya har na buɗe, ya ce ranar Asabar ruwa zai ja baya fiye da kowane lokaci a shekarar nan, idanunsa kuma sun fara rauni, ko zan zo in taya shi dubawa.

Na ce masa zan zo.