Jadawalin Ustaza Shamsiyya a Katangar Takiyya

Kwamitin layi na huɗu a unguwar Alsaura da ke Omdurman ya hana Ustaza Shamsiyya Ishaku rubutu a katangar takiyya. Ya kuma gargaɗe ta cewa idan ta sake, za a miƙa sunanta ga masu bindigar da ke tsaron shingen bakin titi. An yanke hukuncin ranar Asabar bayan La'asar, cikin watan Mayun 2024, a gindin darbejiyar ƙofar masallaci. Ranar Lahadi da safe ta sake rubutawa.

Shamsiyya tana da shekara hamsin da takwas. Ashirin da shida daga ciki ta yi su tana koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Alsahafa, can Khartoum. Da yaƙi ya kore ta, ta tsallako kogi zuwa gidan ƙaninta Ilyasu da jaka ɗaya, da kwalin alli, da rabin madubin hangen nesa.

Maganar ta faro ne mako biyu kafin hukuncin. Mata suna layi bayan Magariba a takiyya, inda ake dafa wa unguwa abinci kyauta, sai wani haske ya ɓullo daga yamma yana tafiya a sama. Wata ta yi ihu, "Musayyara!", wato jirgin nan maras matuƙi. Layi ya watse ana tattake juna. Tukunyar miyar adas, wani irin ƙaramin wake, ta kife a ƙafafun Ni'mat, mai dafa abincin, suka sale har idon sawu. Ranar gida arba'in ba su samu abinci ba.

Shamsiyya ba ta gudu ba, don ta san hasken. Tashar sararin samaniya ce, wadda ke kewaya duniya duk awa ɗaya da rabi. Ana ganinta idan rana ta faɗi a ƙasa amma tana haska ta a can sama. Washegari ta je shagon Wa'il, mai na'urar intanet ta tauraron ɗan Adam, ta kwafo lokutan da tashar za ta wuce. Ta rubuta na farko da alli, da Larabci, manya-manya: "Talata, bakwai saura minti tara. Daga yamma. Minti huɗu. Ba ta ƙara, ba ta ƙiftawa. Kada kowa ya gudu."

Hasken ya zo a kan lokaci. Sau uku tana rubutawa, sau uku yana zuwa. A na ukun, Ni'mat tana zaune a kujera da ƙafafu a naɗe ta ci gaba da rabon miya ba ta ko ɗaga kai ba.

Sai batun rana ya shigo. Kowace safiya Shamsiyya kan saita rabin madubin nan ya jefa hoton rana a farar takarda, ta zana ɗigon baƙin da ke fuskarta. A makon nan ɗigon ya taru wuri guda, girman da ba ta taɓa zana irinsa ba. Ta gaya wa Wa'il cewa rana na aman wuta, na'urarsa za ta iya sarƙewa Juma'a ko Asabar. Asabar da safe intanet ta yi ta yankewa. Kafin Azahar Wa'il ya ba mutum goma labari, yana yabonta. Bayan La'asar kwamiti ya kira ta.

Shugaban kwamitin, Haj Salih, tsohon mai sayar da yadi ne a Kasuwar Libiya. Shi ya fara magana.

"Ya Ustaza, tambaya ɗaya ce. Wa ke gaya miki lokacin da abin nan zai zo?"

"Lissafi, ya Haj."

"Lissafin wa?"

"Irin wanda ke rataye a bangon masallacinku. Wa ya gaya maka gobe Magariba shida da minti goma ce? Ko kai ma haɗa baki kake da rana?"

Wasu suka yi dariya. Haj Salih bai yi ba.

"Ni na yarda da ke," in ji shi. "Wallahi na yarda. Amma yaran shinge sun tsaya a katangar nan jiya. Ba kimiyya suka gani ba. Sun ga lokaci, sun ga yamma, sun ga minti huɗu. Yau kuma sun ji an ce kin san intanet za ta yanke. Idan suka ce layinmu na yi wa jirage alama, ba ke kaɗai za su ɗauka ba."

"To su zo ranar Litinin da tashar za ta sake wucewa, su tsaya kusa da ni su gani."

"Su zo aji ke nan?" in ji wani daga baya. "Ki tanadar musu bulala."

Ni'mat, wadda ba a gayyace ta ba, ta ɗaga murya daga kujerarta. "Ku da kuke zaune a inuwa, wa ya riƙe ludayi a cikinku ranar da aka tattake ni? Ku bar mata katangarta."

"Halas, ya isa, ya Ni'mat," in ji Haj Salih. Ya juya ga Shamsiyya. "Ki faɗa da baki, mace zuwa mace. Kada ki rubuta."

"Abin da aka faɗa a kunne shi ne asiri. Ni a fili nake rubutawa, inda kowa zai karanta, har su."

Aka kaɗa ƙuri'a, mutum bakwai cikin tara suka goyi bayan hanin. Ilyasu, wanda shi ma ɗan kwamitin ne, yana cikin biyun da ba su ɗaga hannu ba, ko na eh ko na a'a. Wani matashin kwamiti ya goge katangar da jiƙaƙƙen buhu.

A gida Ilyasu ya same ta tana fere allin da ya rage.

"Yaya, don girman Allah. 'Ya'yana huɗu a gidan nan."

"Na san su. Biyu suna layin nan ranar da tukunya ta kife."

"Mako ɗaya kawai ki yi shiru."

"Litinin za ta wuce ta tsakar kanmu, ta fi kullum haske. In ba a rubuta ba, wa za a tattake wannan karon?"

Lahadi da hantsi, sabon rubutu yana katangar, ta ƙara layi ɗaya a ƙasa: sunanta da lambar gidan.

A ƙa'idar kwamitin, ba a kai sunan kowa shinge sai maigidan da yake zaune a gidansa ya sa hannu. Haj Salih ya aika wa Ilyasu takardar bayan Azahar. Har aka kira La'asar takardar ba ta dawo ba.