Yatsan da Waya Ta Ƙi

Ba su kai Kaura ba aka tare su. Harbi ɗaya tayar gaba ta fashe, motar hayar da ta ɗauko su daga Zurmi ta yi cikin gonar dawa ta tsaya. Kafin Turai ta gama salati, 'yan bindiga sun zagaye su, an fizgo direba ta taga, an fasa masa baki da gindin bindiga. Rana tsaka ce, ko la'asar ba a yi ba.

"Kowa ya hiddo wayatai ya buɗe!" in ji babbansu, wani dogo mai tabo a goshi.

Turai ta san abin da suke nema. Hotuna suke dubawa, su ga wa ke da alaƙa da soja ko 'yan sa-kai. Halilu mai hatsi, wanda ya cika su da surutu tun daga tasha, shi ya fara miƙa tasa. Aka ga hotonsa da surukinsa cikin kaki. Ko tambayarsa ba a yi ba, aka harbe shi a ƙirji, jininsa ya fantsamo wa Turai a hijabi.

Jabir, ƙanenta, yana durƙushe kusa da ita. Ɗan sa-kai ne, amma yau doguwar riga ya sa don sunan jaririyar 'yar'uwarsu suka je, wayarsa kuma 'yar mai madannai ce, ba komai a ciki. Masifar tana cikin tata. Ana buɗewa, hoton farko shi ne Jabir rataye da bindiga yana washe baki kamar wanda aka ba sarauta. Tsoro ya kama ta.

Turai malamar kwamfuta ce a wata 'yar makaranta kusa da kwalejin Poli ta Kaura. Kullum tana gaya wa ɗalibanta cewa a cikin kowace na'ura akwai babbar manhaja da ke riƙe da komai, ita ke buɗe ƙofa, ita ke rufewa, ita ke ba sauran manhajoji izini. Mai gadi ce, takan ce, wadda ba ta san magiya ba, ba ta san sarki ba. Ashe ranar da za ta gwada maganarta na tafe.

Mai tabo ya murɗe hannunta ya danna babban yatsanta a fuskar wayar. Wayar ta yi ɗan motsi ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Sai Turai ta dubi hannunta. Lallen suna ne, irin wanda matan Zurmi ke ƙunsawa a kwana da shi har kan yatsu ya yi baƙi ya yi kauri. Jiya ta yi ta mita ana ƙunsa mata. Yau ga shi waya ba ta gane mai ita ba, ta daina karɓar yatsa, ta ce sai lambar sirri.

"Sa lamba, ko in yanke yatsan ga!"

"Ɗiyata ta canza ta, wallahi ban riƙe ba," in ji Turai.

Ƙarya ce, kuma ƙaryar ta fi marin da ya biyo baya zafi. Mubaraka, 'yarta tilo, ta rasu bara da zazzaɓi. Muryarta tana karanta Fatiha da tsamin baki, da dariyarta, duk suna cikin wayar nan kaɗai. Malamar da ke tsawata wa ɗalibai su riƙa ajiye abu a wuri biyu, nata kullum sai gobe. Kuma ita da hannunta ta saita wayar, idan kuskuren lamba ya yi yawa, ta goge komai.

Ta danna lambar banza. Ya share ta da mari. Ta sake danna wata. Wayar ta ce a jira, a cikin jiran ya tattake mata ƙafa da takalminsa, wani ya zabga mata bulalar wayar lantarki a baya. Jabir ya yunƙura, ta watsa masa harara irin ta yayar da ta goye shi, ya koma ya durƙusa yana hawaye.

Gargaɗi ya fito da Turanci cewa kuskure ɗaya ya rage.

"Mi tac ce?" in ji mai tabo, bakin bindiga a kunnenta.

"Ta ce yanzu za ta buɗe."

Lambar gaskiya ranar haihuwar Mubaraka ce, ko a barci ta san ta. Ta dubi gawar Halilu, ta dubi Jabir, ta danna wata daban.

Fuskar wayar ta yi baƙi, ta dawo fara fes, ba hoto, ba suna. Mai tabo ya jujjuya ta, ya ɗura ashar, ya buga wa Turai ita a goshi har jini ya ɓalle. Sai wani nasu da ke gadi a kan bishiya ya yi ihu cewa ga motocin soja daga Kaura. Suka haye babura da wayoyin mutane suka nausa daji.

Jabir ya tsinto tata daga cikin ƙasa, ya goge da rigarsa.

"Yaya," ya ce. "Mubaraka hwa?"

Ta miƙa hannu ta karɓa. Wayar tana yi mata maraba kamar baƙuwa, tana tambayar sunanta. Turai ta kanga ta a kunne duk da haka, ta runtse ido tana saurare.