Muryar Mai Agogo

"Sake gwada shi," in ji Mai Agogo, yana gyara filo a bayansa. Da ƙyar maganar ke fita, kamar ana jan kujera a kan siminti.

Autarsa ta ajiye wayar a kan teburin gadon asibiti, tsakanin kofin ruwa da kwalin magani. Gobe da safe za a yi masa tiyata a maƙogwaro, kuma likita bai ɓoye masa komai ba: za a cire ciwon, muryar ma ta tafi. Shi ya sa Auta ta kwashe sati uku tana tattara saƙonnin murya da ya taɓa tura wa 'ya'yansa da masu kawo masa gyara, ta zuba su cikin wata manhaja. Yanzu manhajar na magana da muryarsa ta da, tana kuma ba da amsa irin wadda shi zai bayar. Sai dai mutumin da ya shekara arba'in ba ya miƙa wa kowa agogo sai ya kwana biyu yana sa masa ido, ba zai yarda da abu don kawai an ce yana aiki ba.

"Baba, agogona ya tsaya," in ji Auta, tana kallon wayar.

"Kin yi wanke-wanke da shi ko?" wayar ta amsa da murya garau. "Kawo nan. Kar ki girgiza shi, ba maganin tari ba ne."

Mai Agogo ya yi dariya har ya sarƙe. Ya sa ta tambayi ranar da aka haife ta, wayar ta ce wannan kam ba ta sani ba. Ya jinjina kai. Ya ji daɗi, aƙalla ba maƙaryaci aka haɗa masa ba. Ya sa ta lallaɓi na cikin wayar ya yabi agogon roba mai lambobi, nan ma ya ƙi ƙememe.

Daga nan Mai Agogo ya shiga murza bakin bargo.

"Ce masa ya roƙi baffanki gafara."

Auta ta ɗago. Shekara tara ke nan rabon Mai Agogo da ƙanensa, tun ranar da ƙanen ya karya allurar wani tsohon agogo, shi kuma ya ce masa a gaban mutane hannunsa bai dace da komai ba sai cin abinci. Ƙanen ya cire gilashin gyara daga idonsa, ya ajiye, ya fita. A ransa Mai Agogo ya riga ya tsara komai: bayan tiyata sai a kira ƙanen, wayar ta faɗi abin da ya yi wa bakinsa nauyi.

Auta ta faɗa wa wayar.

"Ni in roƙe shi?" muryar ta ɗauki zafi. "Ni na goye shi, ni na koya masa riƙe sukurdireba. In yana da ƙafa ai ya san hanyar shago."

"Baba, ba ka da lafiya fa. Gobe tiyata."

"To ya zo mana. Wa ya riƙe shi?"

Mai gadon da ke gefe ya ƙunshe dariya. Mai Agogo kuwa kunya ce ta rufe shi. Bai taɓa jin kansa daga waje ba, kuma abin da ya ji bai burge shi ba.

"Ba laifinsa ba ne, Baba," Auta ta ce a hankali. "Abin da ya ji daga bakinka ya koya. Duk saƙonnin nan, babu inda ka taɓa ce wa wani ka yafe mini. Amma zan iya rubuta masa kalmomin, ya karanta kawai."

"Ki sa masa magana a baki? Baffanki ba yaro ba ne, zai gane."

Ya miƙa hannu. Ta rufe manhajar, ta nemo lambar baffan nata, ta kara masa wayar a kunne. Sai da ta kusa katsewa aka ɗauka.

"Wa ke magana?"

"Ni ne."

Ana jin ƙarar motoci daga can ɓangaren.

"Yaya? Me ya sami muryarka?"

"Ta yau kaɗai ta rage," in ji Mai Agogo. "Nemi wuri ka zauna, kuma don Allah kar ka katse ni."