Fitilar Ƙofar Kinuyo

Gidaje uku suka rage da mutane a ƙauyen, kuma yaron da ke cikinsu, Shigeru, shekararsa sittin da tara. Gidan Toshie da na Kinuyo suna kallon juna, gonakin shinkafa ne tsakaninsu. Na Shigeru yana bayan tudu. Daga barandarsa yana hango ƙofar Kinuyo, amma ko rufin gidan Toshie ba ya gani.

Kinuyo ta kurumce tun da daɗewa, waya sai ta yi ta ruri har ta gaji ba ta ji ba. Shi ya sa tsofaffin matan nan biyu suka yi wata yarjejeniya bayan mutuwar mazajensu: duhu na yi kowacce ta kunna fitilar ƙofarta, ɗayar ta gani ta san an wuni lafiya. Ran da fitila ba ta kama ba, a taka a je a duba.

Toshie ba ta taɓa wuce ƙarfe shida ba. Kinuyo kuwa ba ta taɓa kama lokaci ba a rayuwarta. In ana gasar kokawa a talabijin, sai an tashi, sannan ta zauna ta zazzage wanda aka kayar tas, kafin ta tuna da fitila. Shida da ashirin, shida da rabi. Ta kunna kuma ta manta da ita, rana ta fito ta same ta tana ci.

Wannan shi ke ci wa Toshie rai. Ita mace ce da ba ta yarda wuta ta ci a banza. Tukunyar shinkafa na gama aiki ta zare ta daga bango. Ɗaki guda take ɗumamawa, ta sa labule mai kauri, ta kwana da gorar ruwan zafi a ƙafa. Lungun da ke zuwa ƙofa kuwa ba ta kunna masa fitila, wai shekara hamsin tana binsa, ƙafarta ta fi idonta saninsa. Da takardar unguwa ta zagayo a farkon hunturu tana roƙon a rage shan lantarki, sai Toshie ta ji kamar don ita aka rubuta. Ta sa Shigeru ya sayo ɗan agogon nan da ake maƙalawa a soket, mai kunna fitila da kansa ya kashe da kansa. Guda biyu. Ta ɗauki ɗaya ta kai wa Kinuyo, ta saita mata da hannunta: shida ya kunna, tara ya kashe.

"To ni kuma mene ne aikina?" in ji Kinuyo da ƙarfi, irin maganar wanda ba ya jin kansa.

"Aikinki zagin 'yan kokawa, Yaya. Ki ci gaba da abinki."

Suka yi dariya. Kinuyo ta cusa mata tsamin kabeji a leda, ta rako ta bakin ƙofa.

A watan Janairu dusar ƙanƙara ta sauko kwana da kwanaki, ta toshe hanyar da ke ratsa gonakin. Kullum da yamma Toshie ta ɗaga labule. Shida daidai fitilar Kinuyo ta kama, tara daidai ta mutu. Har tana jin daɗi a ranta, tana cewa ga shi a ƙarshe ta gyara matar nan.

Ranar kwana na goma sha ɗaya da toshewar hanyar, tana tsaye da kofin shayi, agogon bangonta ya fara buga shida, fitilar can ta kama tun bai gama bugawa ba. Sai ta ƙara duban gidan da kyau. Ana tsakiyar gasar kokawa, amma tagar Kinuyo ba shuɗin hasken talabijin. Ta tsaya tana lissafi a zuci, ta kasa tuna daren ƙarshe da ta ga wannan hasken. Abin da ta yi kwanaki tana gaisawa da shi agogo ne.

Shigeru ne ya fasa ƙanƙara da shebur ya shiga. Ya sami Kinuyo a lungu, kwance, hannunta ɗaya a miƙe wajen ƙofa. Likita ya ce ta kai kwana tara da mutuwa, kuma ba faɗuwar ce ta kashe ta ba, sanyi ne, wataƙila a dare na biyu. Toshie ta so a ce bai faɗi wannan ba. Dare biyu matar nan tana kwance da ranta, fitilarta tana gaya wa duniya cewa lafiya lau.

Bayan jana'iza ɗan Kinuyo ya zo daga birni, ya sa aka yanke wutar gidan, ya rufe tagogi da katako, ya koma. Toshie ta zare nata agogon ta jefa a kwandon shara. Ta koma kunnawa da hannu, shida daidai, ko da yake babu sauran mai gani. Shigeru ya ce zai riƙa bugo mata waya kowace safiya. Ta ce ya bugo. Ba ta gaya masa cewa ba ta iya barci ba.

Lungun ne dai ba ta kunna wa fitila ba har yanzu. Hali ya riga ya zauna.

Wata yamma a watan Maris, saura kaɗan shida, ta miƙe za ta je ta kunna ta ƙofa. Safarta ta zame a kan katako, ta sauka daga matakalar zaure a kan ƙugu. Ta ji abin ya karye kafin ta ji zafin. Makunnin yana can sama da kanta, wayar tana ɗaki. Ta gwada jan jiki sau biyu, ta haƙura.

Sanyi ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ta san lissafin sarai: Shigeru ba zai bugo ba sai da safe, in bai same ta ba zai ce tana wanka, ya bari sai an jima. Ta san kuma abin da dare guda yake yi wa tsohuwa a kan siminti. Tsoro ya kama ta sosai, da kunya. Agogon bango ya buga shida, ta ji shi daga nesa, gidanta na cikin duhu.

Ƙofar zauren gilashi ce daga ƙasa. Daga inda take kwance tana ganin gonakin fari fat, da baƙin gidan Kinuyo a ƙarshensu. Ta zuba masa ido don babu wani abin kallo.

Sai fitilar ƙofar Kinuyo ta kama.

Ta ci na ɗan lokaci, ta mutu, ta sake kamawa. Toshie ta rufe ido ta buɗe, tana nan. Ta ji haƙoranta na haɗuwa, ba ta san ko sanyi ne ba.

Can sai ga hasken tocila yana gangarowa daga tudu, ya nufi gidan Kinuyo, ya tsaya a can. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya juyo da sauri ya yanko ta cikin gonakin.

Shigeru ya tuɓe rigar sanyinsa ya lulluɓe ta, ya kira motar asibiti, ya dawo ya durƙusa yana haki. Ya ce daga baranda ya hango wuta, ya ɗauka ɓarayi ne. Da ya isa ya tarar da duhu, ƙofa a kulle, ba sawun kowa a kan ƙanƙara sai nasa. Yana juyowa ne ya ga nata gidan babu fitila. Ya yi ta maganar ko ma'aikata ne suka maido da wutar bisa kuskure, ko ɗan agogon ne aka bari a soket. Muryarsa ba ta yarda da abin da yake faɗa ba.

"Ƙarfe nawa ka gan ta?" Toshie ta tambaya.

"Inna, ki daina magana, ki kwanta."

"Na ce ƙarfe nawa."

Ya ce an tashi daga kokawa, ya ci abinci, ya fito shan taba. Shida da ashirin da wani abu.

Toshie ta juya fuskarta wajen gilashin. Hawaye ya gangaro ya shige mata kunne.

"Agogo ba ya makara," ta ce. "Ita ce."