Takin da Ya Riga Damina Zuwa

Malam Arzika na Ruwan Bore ya daɗe da fid da rai da takin gwamnati. Kowace shekara sai gero ya shiga rumbu ake kawo shi, manya su jeru da manyan riguna a ɗauki hoto.

Bana kuwa, ko hadari bai fara haɗuwa ba sai ga Malam Luka, malamin gona daga Gusau, da mota cike da taki. Arzika ya zagaya buhun da aka ba shi, ya lallatsa shi da yatsa.

"Malam Luka, tsakaninka da Allah, na wace shekara ne?"

"Na bana ne, Baba. Wannan karon an gyara."

Arzika ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Yaro dai yaro ne. Na bara ne ya yi ta makara har ya faɗo daidai."

Ya aza buhun bisa jakinsa, ya kama hanya yana 'yar waƙa. Da ya ɗan yi nisa sai ya waiwayo.

"Ka gaya musu, don Allah baɗi ma su makara haka."