Lamba Sha Bakwai

Baba Mai Walda ya ture takardar da bayan hannu, ya ce a maimaita masa wurin nan. Lauyar kamfanin ta sake karantawa a hankali: jinin da aka ɗiba a jikinsa zai tashi daga jami'a ya koma sabon kamfani, kuma ba za a taɓa ambaton sunansa ba. Lamba sha bakwai kawai za a riƙa ce masa.

Kamfanin ɗaki biyu ne a saman wani kantin magani. Kwalaye ko buɗe su ba a gama ba, firji na ta gurnani a lungu, na'urar gwajin jini kuma tana kan tebur, ba ta kai ƙaramin injin walda girma ba. Dokta, wadda ta ƙera ta tun tana koyarwa a jami'a, ta tsaya gefe tana murza zoben yatsanta. Shekara huɗu da suka wuce, a jinin Baba na'urar ta fara kama ƙwayar ciwon daji, guda ɗaya tal cikin miliyoyi, tun ciwon bai kwantar da shi ba. Aka yi masa aiki ya miƙe. Yau ce ranar ƙarshe da jami'a ta ba su. In bai sa hannu ba, jinin da duk sakamakonsa can za su zauna, kamfanin ya rasa hujjarsa mafi ƙarfi.

Baba ya gyara zama, ya tuna musu ko shi wane ne. Tanki ya taɓa fashewa a gabansa, gira kawai ya rasa. Ya faɗo daga bene hawa biyu, washegari ya buɗe shago. Bai taɓa shiga aji ba, amma furofesoshi sun yi layi suna leƙen jininsa.

"Dokta, ƙwayar nan a jikin wa ta kwana? Mutum sha shida kika gwada, injinki na barci. Sai da ya ji jinina ya farka. Yanzu kuma in koma lamba kamar motar haya?"

Dokta ta ce doka ce, ya ce bai san ta ba. Sai ta jawo kujera ta zauna kusa da shi. Ta ce a cikin masu lambobin akwai wani direba da mai gidansa zai sallame shi ranar da ya ji yana da ciwon, kuma dokar ɗaya ce ga kowa, ba a buɗe wa wani a rufe wa wani.

Baba ya kalli firjin. Ya tambaya ko direban ya warke, ta ce yana nan yana tuƙi.

"To ni fa, 'yata," ya juya ga lauyar, "dokar nan ta ɗaure bakina?"

"A'a, Baba. Mu ta ɗaure. Bakinka naka ne."

Ya ce ai da tun farko haka suka faɗa, da tuni an tashi. Ya dangwala babban yatsa a tawada har sau biyu, ya danna a takardar sai da tebur ya motsa. Dokta ta sauke numfashi, ta miƙo masa auduga ya goge. Ya ce ta riƙe abarta.

A bas ɗin komawa akwai kujeru babu kowa, amma ya ƙi zama. Ya kama ƙarfen sama, ya ɗaga shuɗin yatsan yadda kowa zai gani, yana jiran wanda zai fara tambaya.